Kisan 20 ga Oktoba 2022 a Chadi: ina iyalai za su kai ƙara bayan dokar yafe laifi?

Ranar Alhamis 20 ga Oktoba 2022 ce wa'adin wata 18 da sojoji suka ɗibar wa kansu bayan rasuwar Shugaba Idriss Déby ya cika. Kafin ranar ta zo, babban taron ƙasa da aka rufe ranar 8 ga Oktoba ya ƙara wa riƙon ƙwarya shekara biyu, ya kuma ba Janar Mahamat Idriss Déby damar tsayawa takara. Jam'iyyar Les Transformateurs ta Succès Masra da gamayyar Wakit Tama da wasu jam'iyyu suka kira zanga-zanga, gwamnati ta hana. Duk da haka mutane suka fito tun da asuba a unguwannin Injamena irin su Chagoua, Moursal, Walia da Abena, haka ma a Moundou, Doba, Koumra da Sarh. An tare hanyoyi, an ƙona tayoyi, an kai wa hedikwatar jam'iyyar firaminista Saleh Kebzabo hari, jami'an tsaro kuma suka buɗe wuta da harsashin gaske. Cikin waɗanda aka kashe har da ɗan jarida Orédjé Narcisse. Kafin dare an sa dokar hana fita daga shida na yamma zuwa shida na safe, aka kuma dakatar da jam'iyyu bakwai na wata uku.

A ranar Kebzabo ya ce mutum kusan 50 ne suka mutu, ciki har da jami'an tsaro, ya kira abin yunƙurin tawaye. Daga baya lissafin gwamnati ya koma 73. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, wadda doka ce ta kafa ta, ta fitar da rahoto a Fabrairun 2023 mai ɗauke da mamata 128, masu rauni 518, kamammu 943, da mutum 12 da ba a san inda suke ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Chadi, LTDH, da ƙungiyar OMCT mai yaƙi da azabtarwa suka ce mamatan 218 ne. Tsakanin 73 da 218 akwai mutum 145, kowannensu yana da uwa da unguwa. Duk ƙarar da za a kai waje a kan wannan giɓin za ta tsaya ko ta faɗi, domin babu hukumar da ke yanke hukunci a kan jimla. Suna take nema, da wuri, da sa'a, da wanda ya gani.

Kamen bai tsaya ranar Alhamis ba. Kwanakin da suka biyo baya an bi gida-gida ana ɗaukar samari, wasu an tsare su a wata makarantar firamare a Abena. Sannan aka loda su cikin manyan motoci zuwa Koro Toro, kurkukun da ke tsakiyar hamada, kimanin kilomita 600 daga Injamena. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ya ce mutum 621 aka kai can, 83 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 18. Binciken da Human Rights Watch ta fitar a Agustan 2024 ya nuna an yi tafiyar kwana biyu zuwa uku kusan babu ruwa babu abinci, kuma aƙalla mutum 11 sun mutu a hanya ko a cikin kurkukun. Daga 29 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2022 kotu ta zauna a cikin kurkukun ta yi wa mutum 401 shari'a. Lauyoyin Chadi sun ƙaurace, suka shiga yajin aiki. Aka ɗaure 262 shekara biyu zuwa uku, 80 suka sami hukuncin je-ka-gyara-halinka, 59 aka wanke su. Mutum 401 cikin kwana huɗu na nufin kusan ɗari kowace rana, kuma babu lauya a gefen kowa. Wannan kaɗai ya ishi kowane ɗaya daga cikinsu hujjar cewa ba a yi masa shari'ar adalci ba, kuma hujja ce da takardun gwamnati da kansu suka tabbatar.

Hague, ƙofar da kowa ya fara kallo

A Nuwamban 2022 lauyoyin Masra da jam'iyyarsa suka aika wa mai gabatar da ƙara na kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague bayani, suna zargin an aikata laifukan cin zarafin bil'adama. Labarin ya bazu a gidajen rediyo, a majalisun shayi aka riƙa cewa an kai gwamnati kotun duniya. Ba haka abin yake ba. Chadi ta shiga yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, a 2006, don haka kotun tana da hurumi a kanta. Amma abin da sashe na 15 ya ba mutane shi ne damar aika bayani. Wanda ya aika bai zama mai ƙara ba, ba shi da ranar zama, ba shi da hanyar tilasta wa mai gabatar da ƙara ya motsa. Kafin a buɗe bincike sai an nuna cewa hari ne mai faɗi ko mai tsari a kan farar hula, bisa manufar gwamnati ko wata ƙungiya, kuma kotunan ƙasar ba sa so ko ba za su iya hukunta shi ba. Bayan nan ma sai alƙalai sun amince. Ba a buɗe bincike a kan Chadi ba.

Ko da an buɗe, a dubi Gini. An kashe mutum fiye da 150 a filin wasa na Konakiri ranar 28 ga Satumba 2009. Hague ta yi shekara 13 tana nazarin share fage, a ƙarshe kotun Gini ce ta ɗaure Moussa Dadis Camara, shugaban mulkin soja a lokacin kisan, shekara 20 a Yulin 2024, a Maris 2025 kuma aka yi masa afuwa. Sannan kotun ba ta da 'yan sanda, gwamnatoci ne ke kama mata mutane. Chadi kuwa ta karɓi shugaban Sudan na lokacin, Omar al-Bashir, a 2010 da sammacin kotun a kansa, ta bar shi ya koma gida.

Babbar illar ba jinkirin ba ce. Maganar mamatan ta rataya ne a wuyan jam'iyya, jam'iyya kuwa siyasa take yi. Ranar 31 ga Oktoba 2023 gwamnati da Masra suka sa hannu kan yarjejeniyar Kinshasa, da shugaban Kongo Félix Tshisekedi a matsayin mai shiga tsakani. Masra ya dawo daga gudun hijira ranar 3 ga Nuwamba. Ranar 23 ga Nuwamba majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da dokar da ta yafe duk laifukan 20 ga Oktoba, na farar hula da na masu kaki baki ɗaya. Ranar 1 ga Janairu 2024 Masra ya zama firaminista. Ba a zargin ɗan siyasa don ya nemi hanyar komawa ƙasarsu, amma uwar da aka kashe wa ɗa ba ta zauna a teburin Kinshasa ba, ba ta kuma yafe komai ba.

Akwai bambanci tsakanin wannan doka da afuwar da shugaban ƙasa ya yi wa 259 daga cikin ɗaurarrun Koro Toro a Maris 2023. Afuwar ta fitar da su daga kurkuku, hukuncin yana nan a kansu. Dokar Nuwamba ta shafe laifin gaba ɗaya, wanda ya fi cin moriyarta kuwa shi ne wanda ya harba bindiga, tunda shi ba a taɓa gurfanar da shi ba, yanzu kuma babu damar yin hakan a kotun Chadi.

Wasu a cikinmu, Hausawan Injamena da Kusiri, sun ɗauki abin a matsayin rigimar 'yan kudu, su dai a bar su su buɗe shago. Tarihin ƙasar bai goyi bayan wannan tunani ba. Jagoran adawa Ibni Oumar Mahamat Saleh, da sojoji suka ɗauke daga gidansa ranar 3 ga Fabrairu 2008 ba a sake ganinsa ba, mutumin Biltine ne a gabashin ƙasar. Yaya Dillo, da aka kashe a hedikwatar jam'iyyarsa ta PSF ranar 28 ga Fabrairu 2024, ɗan dangin shugaban ƙasa ne. Motar kame kuma idan ta shigo unguwa ba ta tambayar yare.

Dokar da ta rufe gida ta buɗe waje

Ƙa'idar kusan kowace hukumar waje ita ce sai mai koke ya bi kotunan ƙasarsa har ƙarshe kafin ta saurare shi. A nan yawancin koke-koke ke mutuwa. Amma sharaɗin yana aiki ne idan kotun gida tana da abin da za ta iya yi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta faɗi haka a shari'ar Muritaniya a shekara ta 2000: dokar yafe laifi tana iya aiki a cikin gida, amma ba ta sauke wa ƙasa nauyin da ta ɗauka a yarjejeniya. A 2006, a koken da ƙungiyoyin Zimbabwe suka kai kan dukan 'yan adawa lokacin zaɓen 2000, hukumar ta karɓi ƙarar saboda umarnin yafiya da gwamnati ta fitar ya toshe hanyar kotu, ta kuma ce umarnin kansa take haƙƙi ne. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma matsayinsa ke nan kan kisa da azabtarwa da ɓatar da mutane. Wato kwafin dokar 23 ga Nuwamba 2023 yana cikin takardu mafi amfani da iyali za su sa a fayil.

A cire wurare uku daga lissafi tun farko, don kada a ɓata kuɗin mota. Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda masu sauraron rediyon Najeriya da Nijar suka saba ji, ba ta da hurumi a kan Chadi ko Kamaru, domin ba mambobi ba ne. Kotun Afirka da ke Arusha Chadi ta shige ta a 2016, amma ba ta ba da sanarwar da ke ba mutum ko ƙungiya damar kai ta ƙara kai tsaye ba. Kwamitin yaƙi da azabtarwa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi wa wakilan Chadi tambayoyi masu zafi a Jeniba a farkon Nuwamban 2022, amma Chadi ba ta amince masa ya karɓi koken mutum ɗaya ba. Kamaru ta amince, don haka wanda abin ya same shi a Kusiri ko Marwa a hannun jami'an Kamaru yana da wannan hanyar.

Saura biyu masu yanke hukunci. Na farko kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Jeniba, mai ƙwararru 18, wanda Chadi ta amince da shi tun 1995. Wanda abin ya shafa ne ke kai koke, ko danginsa na kusa, ko wanda ya ba izini a rubuce. Jam'iyya ba ta iya kai ƙara da sunanta. Ba a biyan ko sisi, ba dole sai da lauya ba, amma rubutun sai da Faransanci, Turanci, Rashanci ko Sifaniyanci. Shaidar da aka ɗauka da Hausa ko Larabcin Chadi sai an fassara ta, a haɗa da asalinta. Gwamnati tana da wata shida ta ba da amsa, hukunci kan ɗauki shekaru, bayansa kuma ana ba ta kwana 180 ta faɗi abin da ta yi. Sunan mai koke yana isa hannun gwamnati. Wajibi ne a gaya wa iyali wannan tun kafin su sa hannu. Abin da za a iya roƙa shi ne a ɓoye sunan a hukuncin da za a buga, a kuma nemi kwamitin ya umarci gwamnati ta kare su.

Na biyu Banjul, mai kwamishinoni 11. Falalarta ita ce ƙungiya tana iya kai koke a madadin mutane da yawa. Ta taɓa kama Chadi da laifi a 1995, a koken da ya haɗa da kisan lauya Joseph Behidi, mataimakin shugaban LTDH da aka harbe a 1992. Gwamnati ta ce ƙasar na cikin yaƙi kuma ba jami'anta ba ne. Hukumar ta ce yaƙi ba uzuri ba ne, kuma ƙasar da ta kasa kare rai ta kasa bincike tana da alhaki. Sai dai sashe na 56 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam yana da sharuɗɗa bakwai na karɓar koke, biyu daga ciki sukan kayar da 'yan gwagwarmaya. Ɗaya, kada koken ya dogara ga labaran kafofin watsa labarai kaɗai. Biyu, kada ya ƙunshi zagi. A 1997 hukumar ta yi watsi da koken wata ƙungiyar Kamaru, ɗaya daga dalilan shi ne ta kira gwamnatin Paul Biya mulkin masu azabtarwa. Harshen dandalin siyasa ba ya aiki a takardar ƙara. A rubuta abin da aka yi, a bar kwamishinoni su ba shi suna.

Tsakanin waɗannan biyun sai a zaɓi ɗaya, domin Jeniba ba ta duba maganar da wata hukumar irinta ke kan dubawa. Rukunin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɓatar da mutane daban yake: ba ya neman a bi kotun gida, kuma fayil yana nan a buɗe har sai an san makomar mutumin. Abu shida yake so: cikakken suna, ranar da aka ɗauke shi, wurin, rundunar da ake zargi, matakan da dangi suka ɗauka, da sunan mai aikowa tare da yardar iyali. Idan cikin wata uku da ɓatan ne, yana tuntuɓar gwamnati da gaggawa. Rukunin da ke duba tsarewa ba bisa ƙa'ida ba shi ma ba ya jiran kotun gida, yana ba gwamnati kwana 60. Da an cika masa takardun mutanen Koro Toro ɗaya bayan ɗaya a Nuwamban 2022, lokacin da suke tsare, a nan ne ya fi amfani.

Abin da ke lalacewa a makon farko

Addini da al'ada sun koya mana gaggauta jana'iza. Wanda aka harba da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma haka ya dace. Amma akwai abubuwan da ake iya yi cikin rabin sa'a ba tare da an jinkirta sutura ba. A ɗauki hoton fuska, sannan hoton raunin daga nesa yadda za a gane a wane sashen jiki yake, sannan daga kusa da ma'auni ko kwabo a gefensa don a san girmansa. A duba baya ko ta nan harsashin ya shiga, domin wanda aka harba ta baya gudu yake yi, wannan kuwa yana rusa hujjar kare kai. Rigar da ke jikinsa kada a wanke, kada a ƙone. A shanya ta a inuwa ta bushe, a sa a ambulan na takarda, don leda tana sa jini ya ruɓe. Wanda ya yi wankan gawa shaida ne na gani da ido, a rubuta sunansa da abin da ya gani tun bai manta ba. Idan gawar ta bi ta asibiti, a kwafi lambarta a rajistar ɗakin ajiye gawa, a kuma nemi takardar likita da ta faɗi sanadin mutuwa. Takardar da ta ce zuciya ta tsaya ba ta faɗi komai ba. A roƙi likita ya rubuta raunin da ya gani.

Bidiyo ma yana lalacewa ba tare da an sani ba. Wanda aka tura ta WhatsApp hannu zuwa hannu ya rasa bayanan rana da na wayar da ta ɗauka, ingancinsa ya ragu, gwamnati kuma cikin sauƙi za ta ce na wata ƙasa ne. A ajiye asalin a wayar da ta ɗauka, a kwafe shi a katin ajiya biyu, ɗaya ya kwana a wani gida. In za a tura, a tura shi a matsayin fayil. Kada a yanke, kada a ɗora waƙa ko rubutu. Minti guda da ya nuna allon shago ko hasumiyar masallaci ya fi minti goma na hayaƙi da ihu.

Sai matsalar suna, wadda ta fi damun mutanenmu. Yaron da gida ke kira Mamman, katinsa na cewa Mahamat Ousmane, jandarman da ya rubuta jerin kamammu ya sa wani abu dabam. Gwamnati za ta amsa cewa babu mai wannan suna a hannunta, kuma a kan takarda gaskiya ta faɗa. A rubuta sunan yadda yake a katin shaida ko takardar haihuwa harafi da harafi, a ƙara laƙabi, sunan uwa, da ranar haihuwa.

Wajen ɗaukar shaida, mutum ɗaya ake zama da shi, ba taron gida ba, don kada bakuna su haɗu su zama labari ɗaya. Ba a cewa, “Inna, sojoji ne ko?” Ana cewa, “Inna, wane irin kaya ne a jikinsu? Motar fa, wane launi, da lamba ko babu? An yi kiran asuba ko tukuna?” A raba abin da ta gani da abin da maƙwabta suka gaya mata. Idan ba ta san rundunar ba, a rubuta ba ta sani ba. Ƙari guda da aka gano yana jawo shakka a kan sauran fayil ɗin duka.

Kuma duk da dokar yafiya, a kai koke a rubuce ga mai gabatar da ƙara, a riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Idan an ƙi karɓa, a tafi da lauya ko ɗan ƙungiyar kare haƙƙi ya rubuta cewa an ƙi, da rana da ofishin. Amsar da ta ce doka ta rufe maganar, ko shirun wata da watanni, ita ce shaidar da Jeniba da Banjul ke nema cewa an gwada gida.

Chadi ta riga ta ga amfanin irin wannan aiki. Tsohon shugaban ƙasar Hissène Habré ya faɗi a 1990, kotun musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. Abin da ya riƙe shari'ar tsawon shekara 26 shi ne fayil 792 da Souleymane Guengueng da abokansa suka tattara daga bakin waɗanda aka azabtar da iyalan mamata, da takardun 'yan sandan sirri na DDS da aka gano a 2001, masu ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu. Ƙungiyar waɗanda abin ya shafa ce ta riƙe fayilolin, shi ya sa babu sulhun siyasar da ya iya sayar da su.

Masra ya sha kaye a zaɓen 6 ga Mayu 2024, aka kama shi ranar 16 ga Mayu 2025, a watan Agusta aka ɗaure shi shekara 20. Iyalan 20 ga Oktoba ba su da dalilin jiran wani jagora, lokaci kuma yana tafiya. Banjul takan ɗauki wata shida a matsayin ma'aunin jinkiri, don haka mai zuwa can yanzu sai ya bayyana dalilinsa da hujja: tsoro, gudun hijira, ko zaman kurkuku. Jeniba tana iya ƙin koken da ya wuce shekara biyar ba tare da gamsasshen bayani ba. Ana iya kafa hujja cewa lissafin ya fara daga dokar Nuwamban 2023, amma lauya mai taka-tsantsan daga ranar kisan zai ƙirga, wato fayil ya isa Jeniba kafin 20 ga Oktoba 2027.